Baba Mai Bulala da Ɗan Magariba

Duk wanda ya taɓa sauka a ƙaramin filin jirginmu ya ga Baba Mai Bulala, ko da bai san ya gan shi ba. Shi ne ɗan ɗigon nan mai riga ruwan lemo da ake hangowa ta tagar jirgi, tsaye cikin ciyawa a gefen titi, kai a ɗage. Aikinsa korar tsuntsaye, kuma shekararsa ashirin da takwas yana yi. Kayan aikinsa bulalar igiya mai tsawon gaba biyu, da gwangwanaye ɗaure a sanda, da wata bindiga da ba ta fitar da komai sai ƙara. Ita ce ta cinye masa kunnen hagu. In za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama, kuma kada ka ji haushi in bai dube ka ba, don Baba sama yake kallo ko da wa yake magana. Matarsa, wadda duk ma'aikata ke kira Gwaggo, ta ce ranar da ta haifi ɗansu na fari ta miƙa masa jariri a tsakar gida, ya karɓa ya sa albarka, idonsa na kan wata shirwa.

A matsayin lebura ya zo, lokacin da ake zuba wa titin jirgin kwalta. Wata rana ya tare wani matuƙi da ke shirin tashi, ya ce masa ya dakata, garken balbela na tafe. Matuƙin ya duba sama bai ga komai ba, amma ya tsaya shan ruwa. Bai gama ba sai ga su sun rufe titi fari fat. Da aka gama kwalta aka sallami leburori, shi aka ce ya zauna.

Filin namu ba shi da fitilun titi. Jirgi uku ke sauka a rana, na ƙarshe ya tashi kafin ƙarfe biyar, daga nan a ja ƙofa. Ni na zo wata bakwai kafin wannan abu ya faru. Na yi shekara shida ina karatu a wata ƙasa mai sanyi, da na dawo aka ba ni teburin kiyaye haɗari. A can an koya mini yadda tsuntsu mai nauyin kilo ɗaya kan zama kamar bulo in ya haɗu da jirgi a guje. Sai dai tsuntsayen da na sani na can ne, fararen tsuntsayen teku da dinya. Na gida kuwa, duk mai ƙumba da ya gifta a sama, shirwa nake ce masa.

Ranar wata Talata da ƙarfe sha ɗaya, jirgin safe na gab da taɓa ƙasa, wani abu ya buge shi a fiffiken hagu. Ya sauka lafiya, fasinja arba'in da ɗaya suka fito, wasu na salati, wata tana amai. Na je na duba. Gaban fiffiken ya lotsa kamar an sa guduma, ga jini a murfin inji, ga 'yan gasu masu duhu da suka manne. Ba kai, ba ƙafa, ba abin da zai ce ga tsuntsun da ya mutu. Hedkwata ta bugo waya ta ce tana son rahoto safiyar Juma'a, da dalili, da sunan wanda ya yi sakaci. Ni ce mai rubutawa.

Washegari Manaja ya tara mu a ofishinsa. Ba mugun mutum ba ne, amma gyambon ciki ya sa fuskarsa kullum kamar an aiko masa da mummunan labari, ga shi makon nan ake jiran masu bincike daga sama. A gabansa akwai littafin tsuntsaye a buɗe. Baba bai iya rubutu ba, saboda haka kowace yamma yakan tsaya a tagar Akawu ya faɗi abin da ya gani, Akawu ya rubuta, Baba ya dangwala yatsa.

"Baba, wannan yatsanka ne?" in ji Manaja.

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

Manaja ya dinga juya shafi yana karantawa. "Shirwa biyu, bishiyar turare. Shirwa biyu, bishiyar turare. Shekara uku, kullum! Sun yi sheƙa taku ɗari uku daga titina, kai da aka ɗauka don ka kore su kana ƙirga mini su kamar awakinka."

"Ni ban taɓa cewa shirwa ba."

Duka muka juya ga Akawu. Ya gyara tabarau.

"Ɗan Magariba yake cewa, yallaɓai. To ina zan sa shi? Layi biyar ne a littafin, shirwa, ungulu, balbela, hankaka, zabo. Na tambaye shi, yana da ƙumba? Ya ce yana da. Yana cin nama? Ya ce yana ci. Baƙi ne? Ya ce baƙi ne. Na ce to ai shirwa ke nan, Baba, kada ka ɓata mini littafi."

Kofur, tsohon sojan da ke shugabancin masu gadi, yana tsaye a bakin ƙofa. Shekara ashirin suna tsokanar juna da Baba.

"Ɗan Magariba! Tsohon nan har raɗa musu suna yake yi. Saura ya aurar da su."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ce, "Kama da wane ba ta wane, ranka ya daɗe. Wannan tsuntsun ba ya tashi da rana. Tun da ya zo bai taɓa haɗa sama da jirgi ba. Kuma su biyun suna nan da ransu, ba wanda jirgi ya buge a cikinsu."

Manaja ya rufe littafin. Ya ce shi ba ya son ya ci zarafin dattijo. Baba ya raka Kofur yau, a harbe tsuntsayen, a zubar da sheƙar, sai a rubuta wa hedkwata cewa an ɗauki mataki, Baba ya sha gargaɗi kawai. In kuwa ya ƙi, littafi da yatsansa sun isa shaida, sunansa zai shiga rahoto, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan haka. Saura shekara biyu ya yi ritaya.

Baba ya dubi silin, don babu sama a ofis.

"Ba da hannuna ba. In na nuna wa Kofur su, na yi ƙarya sau biyu ke nan. Na ce su ne, kuma na ce an gama da matsala. Wani jirgin fa?"

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na roƙi Manaja ya ba ni zuwa faɗuwar ranar Alhamis, tunda ni ce zan sa hannu a rahoton, in ga abin da idona. Ya daɗe yana murza ciki.

"Gani ya kori ji. Zan zo da kaina, Kofur ya zo da bindiga. In shirwa ce, Malama, a nan take za a gama, da su da maganar aikinsa."

Alhamis da azahar na iske Gwaggo a rumfar bakin ƙofa, ta kawo masa kwanon abinci kamar yadda ta saba. Ta kamo gefen mayafina ta zaunar da ni.

"Ɗiyata, ke ce mai ilimi, ki faɗa masa. Shekara ashirin da takwas rana na dafa masa kai, kunne ya tafi, yanzu a kan tsuntsu za a sallame shi kamar ɓarawo? Tsuntsun nan uwarsu ɗaya?"

"Gwaggo, cewa ya yi ba su da laifi."

"Ni ma ba ni da laifi, a ce ya duba ni mana! Jiya kwana ya yi yana juyi. Na ce Malam, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma kai ruwan wani kake tarewa da kanka."

Baba na gefe yana cin abinci, kunnen hagu ya juyo mata. Na lura da gangan ya zauna haka.

Bayan jirgin ƙarshe ya tashi, muka bi gefen shingen waya ni da shi. Ina rataye da madubin hangen nesa, ina rungume da wani ƙaton littafi mai hotunan tsuntsaye da na taho da shi daga makaranta, ban taɓa buɗe shi a nan ba. Bishiyar turaren na bayan shinge, doguwa, farar jiki, kusa da tsohuwar rumfar gyaran jirage da aka daina amfani da ita. Can sama a wani reshe akwai tarin ƙirare, wato sheƙar. Na saita madubi, na ga wani baƙin dunƙule a cikin ganye, ba ya motsi.

"Baba, yana harara ta. Idonsa fari."

"Barci yake. Fatar idonsa ce fara, in ya rufe sai ki ɗauka ido biyu yake. Ainihin idon ruwan ƙwai ne."

Na buɗe littafi. A shafi ɗaya kawai akwai masu farauta shida, duk masu duhu, duk masu lanƙwasasshen baki, kamar 'ya'yan mutum ɗaya. Na dubi hoto, na dubi bishiya, ganye ya rufe bindi, inuwa ta rufe wuya. Wanda ya fi kama da shi wani baƙin shaho ne, kuma a ƙarƙashin hoton an rubuta cewa da rana yake farauta, a fili, yana bin kurciya. A can ƙasan shafin akwai wani kuma, an ce ba kasafai ake ganinsa ba, wasu sun shekara goma suna nema ba su dace ba. Na faɗa wa Baba gaskiya.

"In shaho ne, bai fi shirwa sauƙi ba a wurin jirgi. Kuma abin da na gani zan rubuta, ba abin da nake so ba."

"Haka nake so, ɗiyata. Tsuntsu a zaune kowa ɗan uwan kowa ne. Ki bari ya tashi. Shirwa bindinta a tsage yake kamar bakin almakashi, tana yawo kamar marar aikin yi, tana juya shi. Shaho daga can sama yake faɗowa kamar dutse, ya kai abin da ya kama reshe ya fige shi. Wannan kuwa..." Ya dubi gabas. "Allah dai ya sa hadarin can ya yi mana haƙuri."

Na juya. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Baba ya ce in ruwa ya sauko jemagu ba za su fito daga tsohuwar rumfa ba, in ba su fito ba shi ma ba zai tashi ba.

Ƙarfe shida da kwata motar Manaja ta tsaya a bayanmu. Kofur ya fito da bindiga, wannan karon ta gaske. Ya sa harsashi biyu, ya rufe ta.

"Ina surukan naka, tsoho? Ko sun ji labari sun yi ƙaura?"

"Kai dai riƙe ta da kyau, kada ka harbi ƙafarka. An ce a soja ma dankali kake ferewa."

Murya ce ta wasa, amma na ga hannun Baba yana matse kan bulala har jijiyoyi sun fito.

Rana ta sauka kan shinge. Iska ta fara kaɗa ciyawa, mai sanyi, mai ƙanshin ruwa. Manaja ya dubi agogo. Sai ga tsuntsaye uku sun taho daga wajen gari, manya, masu duhu, suna lilo a iska. Biyu suka wuce. Ta ukun ta yi kewaye ɗaya, ta sauka a kan bishiyar turaren, a reshen da ke ƙasa da sheƙar.

"Ga ta nan," in ji Manaja. "Ta dawo gida. Malama, mene ne wancan?"

Na ɗaga madubi. Bindi a tsage, baki ruwan ɗorawa. Ban ma buƙaci littafi ba.

"Shirwa ce."

"To, shi ke nan. Kofur."

Kofur ya ɗora bindiga a kafaɗa. Bai yi sauri ba, na ga yana gyara tsayuwa sau biyu, abin da bai zama dole ba. Baba bai roƙi kowa ba. Ya taka taku uku gaba, ya warware bulala, ya kaɗa ta sau ɗaya. Ƙarar ta tsaga filin kamar an fasa katako. Shirwar ta zabura ta bi 'yan uwanta. Baƙin dunƙulen da ke sama ko motsi bai yi ba.

"Baƙuwa ce, ranka ya daɗe, hutawa ta tsaya yi. Mai gida ba ya gudu ya bar ƙwai don ƙarar bulala. Ka ba ni minti goma."

"Ka kore mini shaida a gabana, kuma kana neman minti goma?"

"Korar shirwa ai shi ne aikina."

Manaja ya sake duban agogo. "Goma. Ba sha ɗaya ba."

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan littafina. Na biyu a goshina. Minti huɗu, minti shida. Rufin tsohuwar rumfar ya zama baƙin layi a jikin jan sama. Ina jin numfashin Baba. Na fara tsara jimlar da zan rubuta a kansa, ina neman kalmar da ta fi sakaci taushi, ban samu ba.

A minti na takwas wani abu kamar hayaƙi ya fara tsiyayowa daga ƙarƙashin kwanon rumfar. Ƙananan jemagu ne, ɗaruruwa, suna fitowa a jere suna watsuwa.

"Yanzu ki duba," in ji Baba a hankali.

Wani baƙin tsuntsu ya saki reshe daga gefen sheƙar, inda ban ma san akwai shi ba. Fukafukansa dogaye ne masu tsini, bindinsa a yanke daidai, babu tsagi. Bai yi lilo kamar shirwa ba, bai hau sama don ya faɗo kamar shaho ba. Ya miƙe a kwance, ƙasa-ƙasa, da wani irin gudu, ya ratsa tsakiyar jemagun. Na bi shi da madubi da ƙyar. Ya cafki ɗaya da ƙafa, ya miƙa ƙafar zuwa baki yana cikin tafiya, ya buɗe wani baki mai faɗi kamar na kwaɗo, ya haɗiye shi ɗungurungum. Bai sauka ba, bai fige ba. Da ya juyo na ga farin maƙogwaro da baƙin layi a tsakiya. Na dubi ƙasan shafin da ruwa ya jiƙa. Shi ne, wanda aka ce ana shekara goma ba a gan shi ba. Sunan da suka ba shi yana nufin shahon jemage, kuma an rubuta cewa farautarsa duka ba ta wuce rabin awa, bayan faɗuwar rana.

"La'ilaha!" in ji Kofur, bindiga ta sauko da kanta. "Ko tauna babu? Wannan ai ya fi ka haɗama, tsoho."

Na nuna wa Manaja hoton, na karanta masa abin da ke ƙasa. Ya saurara har ƙarshe.

"Na ji, ba shirwa ba ne. Amma littafi ya ce biyu, ni kuwa ɗaya na gani yana tashi. Wancan dunƙulen na cikin sheƙa tun da muka zo bai motsa ba, wa ya sani ko tsumma ne. In ɗayan ne ya mutu a fiffiken jirgina, to da rana ya tashi, kuma maganarka ta rushe, Baba."

Haske na ƙarewa. Yayyafi ya fara ƙarfi, gilashin madubin ya yi hazo, na goge da mayafi. Tsuntsun ya haɗiyi na uku, na huɗu, na daina ƙirga. Sheƙar ta koma baƙin tabo, da ƙyar nake raba ta da ganye. Baba yana tsaye, ruwa na bin fuskarsa, bai share ba.

Sai mafaraucin ya yanke, ya nufo bishiya. Kafin ya kai, wani ya taso daga cikin sheƙar, irinsa sak, ya ɗan fi shi girma. Suka gifta juna a fili, a jikin ɗan jan da ya rage a yamma, inda ko marar madubi zai gani. Ɗaya ya zauna kan ƙwai, ɗaya ya shiga jemagu.

"Biyu," in ji Kofur da ƙarfi, kamar ana kiran sunaye a fareti. Ya karya bindiga, ya zare harsasan ya zuba a aljihu.

Manaja ya daɗe yana kallon inda suka gifta. Ya ce, "To wa ya bugi jirgina?"

Baba ya naɗe bulalarsa a hannu, a hankali, kamar mai neman inda zai ajiye magana.

"Shirwa ce, ranka ya daɗe, amma ta gari. Ita ba ta da aiki a nan sai in an yi mata shimfiɗa. In tarakta ta yanke ciyawa fara takan tashi, shirwa kuwa daga ko'ina take hangowa. Shi ya sa muka saba yanka da yamma, in an rufe fili. Ranar Talata da safe aka yanka. Na kori goma sha bakwai, ɗaya ta fi ni."

Ba wanda ya tambayi wa ya ce a yanka da safe. Duk mun san takardar umarnin da ta fito daga ofishin Manaja, mun san kuma saboda zuwan masu bincike aka rubuta ta, don su tarar da fili fes. Kofur ya shiga duban takalminsa. Manaja ya dafe ciki.

"Me ya hana ka faɗa jiya?"

"A gaban Akawu, ranka ya daɗe?"

Ruwa ya sauko sosai. Manaja ya buɗe ƙofar mota, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

"Malama, ki rubuta abin da kika gani. Har da ciyawar. Inda suke son suna, ki sa ofishina." Ya juya ga Baba ya ce, ƙasa-ƙasa, "Gobe ƙarfe shida, kamar kullum."

Ta hagu ya faɗa. Baba yana can yana bin tsuntsu na biyun da ido, bai ji komai ba. Kofur ya zagaya ta dama, ya kama masa kunne kamar mai shirin raɗa, ya kwarma ihu.

"An ce ka zo aiki gobe, kurman banza!"

Rahoton ya tafi safiyar Juma'a. Masu bincike suka zo suka tafi, Manaja ya sami takarda daga sama wadda bai nuna wa kowa ba, aka mayar da yankan ciyawa yamma. Da la'asar ɗin Juma'ar na tarar da Akawu da rula da jan biro, yana matse layin zabo don ya fitar da na shida. Ya tambaye ni wane suna zai sa a kai, na cikin littafina ko na Baba. Kafin in amsa Baba ya iso taga, rigarsa jiƙe da gumi.

"Rubuta. Balbela tara, hankaka huɗu, shirwa ɗaya, na kore ta. Ɗan Magariba biyu."

"Ai ba su tashi ba tukuna, Baba."

"Suna nan. Ka rubuta, in dangwala, Gwaggo na jira na a bakin ƙofa tun ɗazu, kuma yau ta wajen kunnen dama za ta zauna."